Ƙunshin Iya a Filin Jirgin Jidda

In ka zo yi mini sallama za ka biki ƙasar waje, shawarata ɗaya ce, kuma ba na gajiya da nanata ta: duk saƙon da aka ba ka, a buɗe shi a gabanka, ko da daga hannun mahaifiyarka ya fito. Ana cewa na cika tsaurin ido. A yi ta faɗa. Ba masu faɗar ne suka zauna a ɗakin da na zauna ba.

Ƙanena ne zai aurar da 'yarsa ta fari a Jidda. Tela ne, ya daɗe a can, ya nemo mini bizar Umara, ya ce in yi ibada sannan in tsaya wa yarinya a matsayin gwaggo. Ni da ko Kano sai da babban dalili. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga unguwarmu a Daura, kowa ya zama malamin jirgi. Wata ta ce kar in sa lalle sai na sauka, wai na'urar yatsa ba ta karanta hannu mai lalle. Wata ta ce in tauna citta saboda jiri, ita da ko tashar jirgin ba ta taɓa gani ba. Maigidana kuwa magana ɗaya ya yi ta maimaitawa, kar in karɓi kayan kowa. Ya ce akwai waɗanda aka cusa wa ƙwaya a jaka ba su sani ba, kuma a can laifin nan rai yake ci. Na ce na ji, sai ka ce yarinya.

Ana jibi tafiya sai ga Iya, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta yi mini wankan jego a duk haihuwata. Tana da 'ya ɗaya tilo a Jidda, takardunta sun daɗe da mutuwa, in ta fito ba komawa, ga 'ya'ya a can. Iya ta ajiye mini wani ƙunshi kamar girman ƙwaryar fura, an naɗe da tsohon zaninta an ɗinke tam da zaren buhu. Ta ce ɗan tsaraba ne. Ta ce da yake idonta ya yi rauni, ɗan ƙanwarta mai kai-kawo a bakin boda ta wajen garin Babban Mutum shi ya ɗinke mata.

To, ku gaya mini, da wane baki zan ce wa Iya ta buɗe? A wurinmu saƙo amana ne, ka ce a kwance maka shi kamar ka kira mutum ɓarawo ne. Na sa hannu biyu na karɓa, na tura shi ƙarƙashin atamfofin amarya, ban ce wa maigida uffan ba.

A Kano kaya suka wuce lafiya. A Jidda jakata ta shiga na'ura, aka dawo da ita, aka sake turawa. Wata ma'aikaciya ta yafito ni da yatsa. Abokan tafiya suka yi ta wucewa, kowa na kau da kai kamar bai san ni ba. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyin tsiya, babu taga, sai teburi da kujeru. Matar ta zazzage atamfofi, ta ɗauko ƙunshin, ta sa wuƙa ta farke zanin Iya. Leda ta fashe, farin gari ya zubo kan teburi.

Sai a lokacin maganar ɗan ƙanwar nan ta faɗo mini. Mutumin da ban taɓa gani ba, mai yawo a bakin boda, shi ya ɗinke. Me ya hana ya ƙara nasa a ciki? Iya ba gani take yi ba.

Aka kira wani tafinta mai jin Hausa. Ya tambaye ni ko kayan nawa ne, na ce saƙo ne. Ya ce me ke ciki.

"Ban sani ba," na ce.

Ya dube ni, ya girgiza kai. "Hajiya, kowa haka yake cewa."

Suka ɗebi garin suka fita da fasfona, suka kulle ƙofa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko a naƙuda. Addu'ar da na haddace tun ina ƙarama ta gudu, sai Hasbunallahu kawai nake iya ja. Na tuna autata da na bari tana kuka a zaure. Na tuna maigida, na ce shi ke nan, za a je a gaya masa matarsa ba za ta dawo ba saboda kunyar maƙwabciya. Na ji haushin Iya, na ji haushin kaina, har ƙanen nawa da bikinsa ban bari ba. Duk takun da ya wuce bakin ƙofa sai na ɗago kai.

Ban san iya zaman da na yi ba, na dai san la'asar ta wuce ni. Da tafintan ya dawo har yana ɗan murmushi. Garin ɗanwake ne, da kanwa, da kuka, da yajin daddawa. Suka juye komai a kwandon shara, suka miƙo mini fasfo da yagaggen zanin. Na karɓa, na tattara atamfofin na fita.

Biki ya yi kyau, in ji mutane. Ni dai gangar jikina ce a wurin, ko ƙofa aka buga sai na zabura. 'Yar Iya ta zo ranar walima, na ba ta zanin na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta tambayi garin ba. Ta kifa fuskarta cikin zanin ta daɗe tana shaƙa.

Ranar da zan taso sai ga ta da nata ƙunshin, shi ma a ɗinke, wai a kai wa Iya. Raina ya ɓaci nan take. Na ce ko kusa, sai ta buɗe. Ta roƙe ni in bari, ta ce ba abin gani ba ne. Na ɗauko almakashin ƙanena na dangwara mata a gaba, na ce ko ta buɗe ko ta koma da abinta.

Ta warware ɗinkin a hankali. Farin yadi ne sabo, a ninke, yana ƙamshin turare. Likkafani.

"Iya ce ta roƙa a waya," ta ce. "Na wanke shi da zamzam. Ta ce tunda ba ni zan yi mata wanka ba, ko suturar ta fito daga hannuna."

Ni na ninke shi da kaina, ban sa shi cikin kaya ba, a cinyata ya zauna har Kano. Iya ta karɓa ta shafa, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ba ta taɓa tambayata yadda ɗanwaken ya isa ba. Damina ba ta zagayo ba aka nemi yadin, kuma ina cikin matan da suka naɗe ta a ciki.