Muryar da ke cikin lasifikar Yaya

Yayata da kunne take cin abinci. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a wani ɗan shago tsakanin tela da mai gyaran rediyo, tana buga maganganun mutane. Ɗalibai su kawo hirar da suka naɗa, 'yan kwamiti su kawo ta taronsu, ita kuma ta kunna a kwamfuta, ta saurara, ta mayar da ita takarda. Ko mutum uku sun kaure da musu lokaci guda, sai ta tsinto abin da kowa ya ce. A gida mukan tsokane ta cewa mai son yin gulmarta sai ya bar unguwar tukuna. Ba ta sa abin kunne, wai yana sa mata ciwon kai. Wasu ƙananan lasifika biyu take aiki da su.

Akwai tambayar da ba a yi a gidanmu. Ba ma ce wa mutum, "Ka ji?" Tambayar Innarmu ce. Ina da shekara tara Inna ta fara tsayawa cak da tsintsiya a hannu, ta karkata kai, ta ce, "Kun ji?" Mu ce ba mu ji ba. Daga baya muka daina amsawa. Sai ta fara fita bin muryar da ita kaɗai ke ji, mu bazu kan titi muna nemanta. Shekara shida aka yi a haka har ta rasu, kuma Yaya ce ta bar makaranta ta yi jinyarta. Inna tana da talatin da takwas abin ya same ta. Bara Yaya ta cika talatin da takwas, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tal.

Cikin damina rufin shagon ya fara yoyo, ta ja tebur zuwa bakin taga. Wayar lasifika ba ta kai ba, sai ta samo wata doguwa ta haɗa da salatif. Yaya kuwa ba ta yanke abu, ba ta yar da abu, ko ledar burodi sai ta ninke. Ragowar wayar ta nannaɗe ta a ƙarfen taga, tsaf da ita.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta tsayar da wata hira don ta sha ruwa, sai ta ji namiji yana magana ƙasa-ƙasa. Ta leƙa waje, ba kowa. Ta rage ƙarar lasifika har ƙarshe, yana nan. Ta kashe wayarta ta hannu, ta canza soket, ta zare lasifikar daga jikin kwamfuta gaba ɗaya. Bai fasa ba. In ta kashe wuta yakan yi shiru, amma sai ta tsinci kanta ta karkata kai tana jiransa, irin karkatawar da ta sani.

Ta kira tela, wai ya zo ya auna mata labule. Ya tsaya daf da tebur yana aune-aunensa, muryar na ta zuba, ko gezau bai yi ba. Ba ta tuna cewa shekara talatin na ƙarar keken ɗinki sun cinye kunnen bawan Allah ba, mutumin da sai ka yi masa sallama uku. Mai gyaran rediyo kuwa, da bango ɗaya ya raba su, ta ƙi kiransa. In ya duba ya ce lasifika lafiyarta ƙalau, to saura wa?

Abin da ya ƙarasa ta shi ne ranar da shugaban wani kwamiti ya dawo da takarda, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Malama, wa ya faɗi wannan a taronmu?"

Ta karanta abin da hannunta ya buga: ana cigiyar wata mata, ta fita tun safe ba ta dawo ba. Ta mayar da hirar baya sau huɗu, babu wannan magana a ciki. Ta ba shi haƙuri. Yana fita ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

Sati uku ta yi a haka, ba wanda ya sani. Ran wata Asabar da rana ta kira ni shago. Na tarar da ita ta rame, ga jakar 'yarta a bakin ƙofa, an ɗaure har da takalman makaranta.

"Ki tafi da ita wajenki," ta ce. "Ki ce mata hutu ne."

"Wane irin hutu ana tsakiyar karatu? Yaya, me ya faru?"

"Ba na so ta yi jinyar da na yi."

Gabana ya faɗi, don na gane jinyar da take nufi. Tana magana a hankali, ga wani surutu yana ta damuna daga kan tebur. Ni kuma Allah ya yi ni da gajen haƙuri.

"Don Allah kashe rediyon nan, da ƙyar nake jin ki."

Ta ɗago kai. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba.

"Me yake cewa?"

"Wa?"

"Shi. Faɗa min abin da yake cewa."

Na kasa kunne. "Wai gobe ba za a ba da ruwan famfo ba, ana gyaran bututu."

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafata da hannu biyu tana kuka ba sauti. Na tsorata fiye da ɗazu, na ruga na kira mai gyaran rediyo.

Dattijon bai yi minti biyu ba. Ya bi wayar da ido har taga, ya fara dariya, da ya dubi fuskar Yaya sai ya haɗiye ta.

"'Yata, ai eriya kika haɗa. Doguwar waya a jikin ƙarfe, ga haɗin salatif, ga tashar rediyo nan kusa. Dole ta kamo. Da kin ƙwanƙwasa min bango ai da an gama."

Ya warware wayar, ya yanke, ya sa gajeriya mai kauri. Shagon ya yi tsit. Yaya ta sa ya mayar da tsohuwar, muryar ta dawo, ya cire, ta ɗauke. Sau uku ta sa shi, bai ce don me ba.

Bayan ya tafi na ɗauki jakar zan kwance. Yaya tana zaune tana jujjuya guntun wayar a yatsa.

"Lokacin da Inna ke tambayarmu," ta ce, "kin taɓa yin shiru kin saurara?"

"Inna ba ta da lafiya, Yaya. Likita ma ya faɗa. Ba abin da za mu ji."

"Na sani. Ni ma ban taɓa ba. Kafin ta rufe baki na ce ba mu ji ba." Ta ajiye wayar a kan tebur. "Ni sati uku na yi, kuma kin zo. Ita shekara shida."

Na durƙusa na ci gaba da fitar da takalman yarinyar daga jaka.