Baba Mai Kwali a Tashar Iyaka

Kullum mai sayar da tikiti tana hango shi ta taga, wani dattijo siriri da jar hula koɗaɗɗiya, bajon jam'iyyar ma'aikata a ƙirji, kwali a hannu. Tun da aka fara zancen haɗe kasuwannin ƙasashen yankin, jam'iyyar ta dare biyu. Da alama shi kaɗai suka samu su aika, shi ya sa kowane ɓangare ya rubuta nasa saƙon a gefe guda na kwalin.

In motar leburori ta shigo, sai ya ɗaga: "A buɗe iyaka, ma'aikata 'yan uwa ne." In tirelar kaya ce, sai ya juya: "A rufe iyaka, kada masaƙarmu ta mutu." Mai tikitin tana jin a masaƙar nan ƙuruciyarsa ta ƙare.

Yau ga mota maƙare da yadi, leburori zaune a kan kayan suna ɗago masa hannu. Ya juya kwalin, ya sake juyawa, gumi na tsiyaya.

"Baba, yau wanne ne?" in ji ta.

"'Yata, kwamiti bai zauna kan irin wannan ba."

Sai ya kife kwalin a ka ya tare rana, ya ɗaga musu ɗaya hannun.