Hannun Yaya Rabi a Bayan Nafisa

Da kakar nan Yaya Rabi ta cika shekara bakwai da rasuwa. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe mini 'yata ta fari, Nafisa, tun daga yaye. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni ko kama sunan yarinyar. Sai Yaya ta goye ta suka tafi Mashi, kowa ya huta.

Nafisa tana da asma. Da an fara sussukar gero ƙirjinta zai kama kuka kamar 'yar mage. A asibiti aka ba su inhela, ɗan abin nan da ake dannawa ya fesa magani a baki. Wanda bai taɓa ba ƙaramin yaro shi ba cewa yake ai dannawa ce kawai. Ina! Yaro sai ya danna kafin ya ja numfashi, maganin ya tsaya a harshe, ko ya fito ta baki a banza. Yaya ta koma ta ishi malamar jinya da tambaya, har aka haɗa ta da gorar roba da ake jonawa a bakin abin, aka nuna mata yadda ake ja a hankali a riƙe. Sauran dabarar tata ce. Takan ɗora tafin hannunta a bayan yarinyar: in ta danna, a ja, in ta ɗaga, a saki.

Ni ban san da wannan ba. In sun zo Daura da salla, ɗakin nake bar musu.

Bayan addu'ar bakwai aka dawo mini da Nafisa, da akwatinta da ledar magani. Ba ta yi wata ba ciwon ya tashi, ina tankaɗe a tsakar gida, babanta yana kasuwar dabbobi. Na miƙa mata abin na koma bakin ƙofa na tsaya kamar baƙuwa. Ta danna, ta sake dannawa, ba abin da ya shiga. Leɓɓanta suka fara sauya launi. Sai ta juyo mini baya, ta ce da ƙyar, "Hannu."

Ban gane ba, sai da ta laluba ta kamo hannuna ta kai bayanta. Na durƙusa, na ji bakina yana cewa, "Nafisa, ja! Riƙe, Nafisa!" Ranar na fara kiran sunanta, da ƙarfin da har maƙwabta suka ji. Da numfashin ya ɗan sauka na kai ta asibiti, ban ko yafa mayafin kirki ba.

Nakan yi tunanin me Yaya za ta ce da ta ga yau. Matan yanzu suna kiran 'ya'yan farinsu gatsau, kuma a waya ma ana nuna yadda ake shaƙar maganin. Na san za ta yi dariyar nan tata ta ce, "To, wayar ce za ta ji ƙirjin yaron?" Don har gobe ina ganin yara a hanyar Islamiyya suna fesa shi kamar turare, iyayensu na ganin an sha magani. In na samu uwar nakan ce ta zauna ta kalli yadda ɗanta yake ja. Wasu su ji, wasu su ce na cika shisshigi.

Nafisa yanzu tana makarantar kwana, ta iya abinta, ba ta neman kowa. Gidan ya yi mini faɗi. Da la'asar nakan zauna ni kaɗai, ba wadda zan yi wa ƙorafi, ba wadda za ta tsokane ni, kewar Yaya ta cika ni.

Yaya ba ta bar gadon gida ko gona ba. Ta bar yarinya mai numfashi. Ran nan da hutu na ji Nafisa bayan salla tana cewa, "Allah Ya jiƙan Ummata." Da ta shafa ta juyo ta ce, "Anti, in ɗora tuwon?" Na ce ta ɗora. Ban gyara mata ba, ba kuma zan gyara ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya.