Malam Chepkwony da Sansanin Ƙanensa

Shekara ashirin da biyu Malam Chepkwony Rotich ya yi yana koyar da yara gudu a makarantar ƙauyensu, can kan tudu a ƙasar ƙabilar Kalenjin. Tun yana saurayi ya fi ƙanensa Kibiwot gudu nesa ba kusa ba. Sai dai da mahaifinsu ya kwanta ciwo, shi babba ya zauna da shanu, ƙanen ya tafi Turai ya ciwo lambobin yabo.

Da Kibiwot ya dawo, sai ya gina sansanin horar da matasa gudu a ƙetaren hanya, daidai inda Malam zai hango shi daga ƙofar aji. Takalma sababbi, gadajen kwana, burodi da shayi kowace safiya. Kafin wata uku ya kwashe wa Malam yara tara, har da Jeruto, 'yar shekara goma sha biyar, wadda Malam ya yi rainonta tun tana gudu ba takalmi.

"Yaya, ka zo mu yi aiki tare mana," in ji Kibiwot.

"In riƙe maka agogo? Allah ya kiyaye. Ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi."

Akwai abin da Malam ya sani, ƙanen bai sani ba. Jeruto tana da ƙarancin jini. Shekara uku matar Malam tana dama mata kunun tamba, ana ba ta wake da ganye, da hanta ranar kasuwa. A sansani kuwa tuwon masara ne da kabeji, sai gudu safe da yamma. Malam yana kallon yarinyar tana wucewa, ƙafarta na ƙara nauyi, leɓenta na yin fari. Ya ja bakinsa ya tsuke. Kai, har wani sanyi yake ji a ransa.

"Baban yara, ba za ka faɗa masa ba?" matarsa ta tambaye shi.

"Ba shi ne gwani ba? Ya duba a littafin Turawansa."

"Da ƙanenka kake yi, amma 'yar mutane ce ke shan wuya."

Ranar gasar gunduma, Jeruto ta yanke jiki ta faɗi a zagaye na huɗu. Malam ne ya fara isa wurinta, yana haki. Da ta buɗe ido ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, na ba ka kunya." Ya kasa haɗa ido da ita.

Washegari ya tsallaka hanyar nan karo na farko, da buhun garin tamba a kafaɗa. Ya dire shi gaban ƙanensa, ya zayyana masa komai, har da hutun mako shida da yarinyar ke buƙata.

"Tun yaushe ka sani, Yaya?"

"Tun da ka ɗauke ta."

Kibiwot ya ɗauki buhun, ya kai shi ɗakin girkin sansanin.

Bayan shekara Jeruto ta zo ta ɗaya a gasar makarantu ta ƙasa. Jarida ta buga hotonta tare da Kibiwot, babu sunan Malam ko a gefe. Ya sayi jaridar, ya karanta sau biyu, ya ce hoton bai yi kyau ba. Har ya yi ritaya bai yarda ya yi aiki a sansanin ba, kuma bai daina cewa ya fi ƙanensa gudu ba.