Faifan Malama Asabe

Da an sallame La'asar za ka ga Malama Asabe ta fito daga gidanta a Danchadi, alli ƙulle a bakin mayafi, tsohon faifai a hammata. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan tafiya zuwa rumfar da matan aure ke ɗaukar karatu. Baƙo sai ya ɗauka bakace za ta. Ina! Faifan nan shi ne rabin makarantar.

Kafin a taɓa allo, sai faifai ya zaga hannu-hannu. Duk wadda ya sauka a cinyarta za ta koya wa aji abu ɗaya da ta sani, ko yadda ake gane kaza mai ciwo, ko maganin ƙwarin wake, ko addu'ar da ta ji wajen kakarta. Magana ɗaya aka haramta, wato "ban san komi ba". Wadda ta kuskura ta faɗa, aji duka zai ɗauka da murya ɗaya: "Ba a faɗin haka nan!" Amare nawa suka sha wannan tsawa suna rufe fuska da mayafi, yau ga su nan sun fi kowa baki a taro.

Har gobe matan na tuna shekarar albasar Nana Hauwa. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da albasar da ya noma a fadama, ga ta kuma ta fara ruɓa a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta. Da faifai ya zo hannunta, kuka kawai ta sa. Tausayi ya kama Malama, ta yi saurin cewa a lulluɓe albasar da leda saboda raɓa. Sai Inna, tsohuwar da ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba, ta miƙa hannu ta karɓe faifan.

"Malama, ki yi man gafara, wagga shawara taki kashe albasa za ta yi. Albasa iska taka so. A zazzage ta, a tsince ruɓaɓɓu, a ɗaga rudun daga ƙasa."

Wata da aka auro daga Dandin Mahe ta ce su can ba su jibga ta da yawa wuri guda. Malama ta tashi ta rubuta kowace shawara a allo da sunan mai ita, ta goge tata da tafin hannu, ta ce, "Yau ni ad ɗaliba." Washegari mata goma sha ɗaya suka wuni tsintar albasa, kuma da ita marayun nan suka ci tuwo har kaka.

Malama, ke ce kika goge maganarki a gaban ɗalibanki fuskarki a sake. Malamai nawa ne za su iya? Ke ce kika sa tsohuwa ta san abin da ke kanta ilimi ne.

Bana yanar ido ta rufe wa Malama gani, allo ya koma mata duhu. Abin da ya hana ta sukuni shi ne kada aji ya watse ranar da ta ajiye alli, don ta ga makarantu da yawa sun bi masu su. Ranar Laraba ta zo yi wa aji sallama. Ta ji rumfa cike, ta ji muryar Nana Hauwa a gaban allo tana jan baƙi. Faifai ya zaga ya sauka a cinyar Malama. Ta daɗe tana shafa bakinsa da ya zaizaye.

"Ɗiyana, ido ya tafi. Ni kam yanzu ban san komi ba da..."

"Ba a faɗin haka nan!"

Wallahi har kaji sai da suka watse. Malama ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

Mun gode, Malama Asabe. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki lafiya. Masu riƙe da alli a Bodinga da Shagari, ku riƙa miƙa faifai kafin ku buɗe baki. Ke kuma Malama, Inna ta ce ba ki faɗi naki ba ranar Laraba, don haka gobe da La'asar daga kanki za a fara.