Kumfar Iska da Fatar Albasa

Da safen nan Mama ta shigo da shayi ta ce, "Daktora Halimatu ta ajiye aiki. Jibi za ta koma Soba wurin ɗanta."

Na ajiye kofin, na kasa sha.

Lafiyarta lau, kar hankalinku ya tashi. Ritaya ce. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma jibi ta yi kusa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a nan Umdurman. Tun kafin a haife ni take koyarwa a jami'a a Khartum, tana binciken ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su. Mama ta ce lokacin da aka sallami abokan aikinta, wasu kuma suka tafi Saudiyya da Turai, an yi ta kiran ta ita ma ta tafi har ta gaji da amsawa. Cewa take, "To ɗaliban nan fa, wa zan bar wa?"

Duk Juma'a bayan la'asar takan fito da wani tsohon maikiroskop tsakar gida, irin mai madubin da ke kama hasken rana. Ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Sai ta tara mu 'yan matan layi, ta ɓare fatar albasa, ta ɗiga mata ruwan aidin, wanda ake shafa wa ciwo, a kan gilashi.

Dokarta ɗaya ce. Ba za ta gaya miki abin da za ki gani ba. Ki leƙa, ki zana.

Ranar farko da na leƙa, na ga wani abu zagayayye, gefensa baƙi, cikinsa na walƙiya kamar zoben amarya a littattafan da nake karantawa. Na zauna na zana shi da dukan zuciyata, har da inuwa.

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ya bitti, 'yata, kin zana iska da kyau," in ji ta. "Kumfa ce ta maƙale a ƙarƙashin gilashi. Albasar tana gefe, ba ki kula ta ba don ba ta da kwalliya."

Yara suka fashe da dariya. Ta ce, "Ku yi shiru. Masu digiri ma sun zana min wannan kumfar. Ita dai ta fi su hannu." Sannan ta juyo gare ni: "Ranar da kika ga na gaske, ki kawo min."

Kunya ta hana ni komawa.

To ga sirrin. Na gan su, ƙwayoyin halittar albasar. Bara, a lab ɗin makarantarmu, na matsar da gilashin kaɗan, sai ga su a jere kamar tubalin da ake bugawa a unguwar Aljirif, kowanne da ɗigonsa a ciki. Na zana. Tun ranar takardar tana cikin wani littafin soyayya a ƙarƙashin filona.

Makon jiya muka haɗu tana saukowa daga raksha, keke mai ƙafa uku, da jakar littattafai. Na karɓar mata. Ta ce, "'Yar littafi, adabi za ki zaɓa ko kimiyya?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, ba sauri." Amma akwai sauri. Cikin watan nan za mu zaɓa a makaranta, kuma kowa a gidanmu ya riga ya ba ni adabi. Kimiyya nake so. Yau ne na fara faɗa.

Mama, na san za ki ga rubutun nan a wayar Yaya Sadiya.

Gobe ɗalibanta za su taru a gidanta, manyan likitoci da malamai. Zan shiga tsakiyarsu da takardata, ko muryata ta ƙi fita, hannuna zai miƙa.

Allah ya saka wa Daktora da alheri, ya ƙara mata lafiya, ya sa ilimin da ta shuka ya bi ta har Aljanna. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa min ƙafafuna kar su juya a ƙofar gidan.