Kwano Mai Jan Fenti

Ka tambayi 'yan albasa na Aliero wa ya fi kowa gane ruɓaɓɓiya, Magaji za su ce maka. Shekara talatin yana aikin tsinta a rumfunan ajiyar albasa. Ya danna wuyanta da babban yatsa, ya sunsuna, ya wurgar. Ɗaya in ta lalace sai ta ja na kusa da ita, shi ya sa ba ya tausaya mata.

To, da tari ya kama shi ya ƙi saki, bai tausaya wa kansa ba shi ma. Wallahi ba wanda ya kore shi. Shi da bakinsa ya ce tibi ne, ya janye daga ciyayyar ƙofar gidan amininsa Attahiru, inda su biyar suke haɗa tuwo su ci a kwano ɗaya tun suna samari. Ya sa matarsa Delu ta ɗiga wa kwanonsa jan fenti. Asibiti kuwa ko hanya, tsoro yake a tabbatar masa.

Shekara uku yana ci shi kaɗai a zaure, yana jin dariyarsu ta bayan katanga. Kai, abin yana cin ransa.

Wata ranar kasuwar Jega ya tarar da motar ɗaukar hoton ƙirji kyauta. Ya wuce ta sau biyu kafin ya shiga. Ma'aikaciyar, Mubina, ta ce masa an nuna wa kwamfutar nan dubban hotunan ƙirji, masu lafiya da marasa lafiya, har ta koyi nuna inda matsala take, sannan likita ya duba.

"Ashe sana'armu guda," in ji Magaji.

Hoton ya fito, kwamfuta ta zagaye wuri guda a hagu. Likita ya duba ya ce wannan tsohuwar karayar haƙarƙari ce. Sai Magaji ya tuna faɗowarsa daga motar albasa a hanyar Maiyama. Aka gwada kakinsa, sakamako ya fito, babu tibi. Ƙurar rumfa ce ke sa shi tari, tarin ba ya kama kowa.

Bayan magariba ya ɗauki takardar sakamakon da tuwonsa ya fita. Attahiru ya karanta a fili, kowa ya ce barka, aka matsa masa, aka juye tuwon wuri guda.

"Sa hannu, Magaji, mun yi kewarka ƙwarai," in ji Attahiru.

Ya miƙa hannu ke nan tarin ya taso. Ya kau da kai, ya gama, ya juyo. Hannaye huɗu duk sun koma kan gwiwa, ba wanda ya san ya janye nasa.

"Ku ci," ya ce. "Ni dama na ƙoshi."

Ya ɗauki kwanonsa mai jan fenti ya koma zaure.